Ɗanka Na Son Zama Sojan Ruwa: Afaka, Onne, Ikot Ntuen Ko Oron, Wace Ƙofa Za Ka Kai Shi?

Ranar da ɗan yayata ya ce shi sojan ruwa yake so ya zama, mahaifiyarsa dariya ta fara yi, daga baya ta yi shiru. Yaro ne haifaffen Kano wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne kududdufin bayan unguwa da madatsar Tiga da makarantarsu ta taɓa kai su. Bayan sallar isha'i ta kira ni. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Kawun yara, ka zo ka ji abin da yaron nan ya ɗauko. Ni ban san ta inda ake shiga aikin nan ba, kuma kowa da abin da yake gaya mini."

Abin da kowa ke gaya matan nan shi ne ya fi rikita ta. Wani maƙwabci ya ce a tura shi Fatakwal, wata shida ya fito da kaki da albashi. Wata ƙawarta ta ce ai an makara, tun yana gama firamare ya kamata a kai shi makarantar yaran sojan ruwa. Wani malaminsu ya ambaci Oron. Wani kuma ya zo har zaure ya ce a kawo kuɗi, yana da mutum a sama. In ka cire na ƙarshen nan, kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa. Sai dai kowa ƙofa daban yake nufi, kuma ƙofofin ba ɗaki ɗaya suke kaiwa ba. Iyaye da yawa sai yaro ya shiga ya yi nisa sannan suke gane haka.

Abu na farko da ya kamata uba ko uwa su riƙe shi ne aikin soja hawa biyu ne. Akwai hafsoshi, masu ba da umarni, akwai ƙananan sojoji, masu aiwatarwa. Ba maganar wani ya fi wani mutunci ba ne, jirgi ba ya motsi sai da kowannensu. Amma albashi, da gidan bariki, da inda mutum zai iya kaiwa bayan shekara ashirin ko talatin, duk sun rataya ne a kan ƙofar da ya shiga ta ranar farko. Hafsan ruwa yana tashi daga ƙaramin laftana zuwa laftana, laftana kwamanda, kwamanda, kyaftin, kwamado, har admiral. Kada sunan ya ruɗe ku: kyaftin na ruwa daidai yake da kanar na sojan ƙasa, kwamado kuma daidai da birgediya janar.

Babbar ƙofar hafsoshi, abin mamaki ga mai jin labarin a karon farko, ba a bakin teku take ba. Tana Kaduna. Makarantar horon hafsoshi ta NDA, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1964 da taimakon hafsoshin Indiya, ita ce ke yaye hafsoshin rundunonin ƙasa da ruwa da sama gaba ɗaya. Tsohon mazauninta yana cikin gari wajen Kawo, sabon kuma yana Afaka, kan hanyar filin jirgin sama. Tun 1985 take ba da digiri, don haka yaron da ya shiga ba fareti da harbi kawai zai koya ba. Zai yi shekara huɗu yana karatun jami'a sosai, injiniyanci ko kimiyya ko fannin zamantakewa ko harsuna, a lokaci guda yana shan horon soja. Ɗaliban rundunar ruwa kuma ana kai su kwalejin sojan ruwa da ke Onne a jihar Ribas, inda suke koyon tuƙin jirgi da karanta taswirar teku da zaman cikin jirgi. Duka-duka mutum ya sa ran kusan shekara biyar kafin ya ga anini a kafaɗar ɗansa.

Abin da ya sa nake fifita wannan ƙofa a kan sauran ba ɓoyayye ba ne. Ba a biyan kuɗin makaranta. Abinci da kwana da kaki da magani duk na gwamnati ne, har ɗan alawus ake ba ɗalibi. Ya fita da digiri da muƙami da aiki a rana ɗaya, a ƙasar da mai digiri kan yi shekaru yana yawo da takardu a cikin ambulan. Sannan shugabancin rundunar daga nan yake fitowa. Bayis Admiral Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, wanda ya riƙe rundunar sojan ruwa daga Janairun 2021 zuwa Yunin 2023, ta NDA ya bi. Haka Idi Abbas, shi ma ɗan Kano, da aka naɗa a Oktoban 2025. Kafin su akwai Murtala Nyako, ɗan Mayo Belwa, wanda ya yi nasa horon a Dartmouth ta Ingila a farkon shekarun 1960, ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992. Na kawo sunayen nan ne saboda maganar da na fi ji a bakin iyayenmu: wai aikin ruwa na mutanen Kudu ne, ɗan Arewa ba zai kai ko'ina ba. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba.

Amma ƙofar tana da ƙunci, kuma gara a faɗa wa yaro tun da wuri. Sai yana da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Sai ya rubuta JAMB ya sa NDA a zaɓin farko, ya kuma cike fom ɗin makarantar. Sai ya ci jarrabawar tantancewa tata. Wanda ya tsallake wannan sai a kira shi gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, inda ake kwanaki ana duba lafiyarsa daga kai har ƙafa, ana gwada gudunsa da juriyarsa, ana yi masa tambayoyi baki da baki. Akwai iyakar shekaru da sanarwar kowace shekara ke fayyacewa, akwai ma'aunin tsayi, kuma dole ya zama ba shi da aure. Guraben ana raba su ne jiha-jiha, wato ɗan Kano da 'yan Kano yake takara, ba da 'yan Legas ba. Wannan sauƙi ne ta wani gefen, ta wani gefen kuma a jiha mai yawan jama'a yana nufin ɗaruruwa ne ke rububin kujeru ƙalilan. Yaro yana nuna rundunar da yake so, amma ta ƙarshe hukuma ce ke yankewa.

Bari in tsaya kan takardu, don a nan na ga an fi yin asara ta banza. Yaro ya yi karatu, ya yi atisaye, ya ci jarrabawa, sai a zo tantancewa a ga ranar haihuwar da ke takardar haihuwarsa daban da ta katin ɗan ƙasa, ko a takardar firamare an rubuta Muhammad, a ta WAEC an rubuta Mohammed, a JAMB kuma an ƙara sunan kaka. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Wanda ke zaune bayan tebur da fayil ɗari a gabansa bai sani ba, kuma ba zai tsaya bincike ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yaro yana aji huɗu na sakandare a baje takardunsa a kan tabarma, a daidaita suna da kwanan wata, a nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma ta gaskiya. Haka batun ido. Jirgin ruwa da dare fitilu yake magana da su: ja a gefen hagu, kore a gefen dama. Yaron da idonsa ba ya bambance ja da kore ba zai iya tsaron jirgi ba, kuma da yawa masu wannan larura ba su san suna da ita ba har sai an buɗe musu littafin gwaji mai ɗige-ɗigen launi. Gwajin minti biyar ne a asibitin ido. A yi shi kafin a sayi fom.

Akwai wani abu game da NDA da ba a cika gaya wa iyaye ba. Shiga ba ita ce gamawa ba. Ana mayar da ɗalibi baya in ya faɗi, ana kuma sallamarsa gaba ɗaya saboda karatu ko rashin ɗa'a ko lafiya. Yaron da aka sallama a shekara ta uku ya dawo gida sa'o'insa sun kusa gama jami'a, shi kuma zai koma layin JAMB. Shi ya sa ba na son a tura yaro can don burin mahaifinsa. Shekarar farko tana da zafi ƙwarai: tashin asuba, gudu, ƙarancin barci, umarnin na gaba da kai ko da wata goma ya girme ka a makarantar. Abin da ke riƙe yaro a irin wannan lokaci shi ne son da yake wa abin a ransa. Wanda aka tura dole, jiki magayi, zai nemi hanyar fita da kansa.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda maƙwabcin Yaya yake nufi, makarantar horon kurata ta sojan ruwa, ita ma a Onne. Wannan ta ƙananan sojoji ce. Ana ɗaukar masu takardar sakandare, da masu difloma ko NCE ko wata sana'a irin aikin jinya, lantarki, walda, tuƙi. Horon kusan wata shida ne, daga nan sai aiki da albashi. Ga gidan da ke buƙatar mai tallafi da wuri, ko yaron da hannunsa ya fi kansa son aiki, wannan ƙofa ce mai mutunci, kuma guraben sun fi na NDA yawa nesa ba kusa ba. Mai gyaran injin jirgi ko na'urar sadarwa yana fita da sana'ar da za ta ciyar da shi ko bayan ya tuɓe kaki. Abin da nake ja wa iyaye kunne a kai shi ne maganar nan ta "bari ya shiga tukuna, daga ciki sai ya koma hafsa." Hanyar tana nan, ana ba ƙwararrun ƙananan sojoji muƙamin hafsa, amma doguwa ce, siririya ce, kuma wanda ya bi ta yakan isa ne shekaru sun ja. Idan yaro yana da kiredit ɗinsa, shekarunsa ba su wuce ba, kuma kansa yana ja, to ya fara gwada NDA sau ɗaya ko sau biyu kafin ya karɓi wannan. Idan kuwa ya karɓa, ya karɓa da zuciya ɗaya a matsayin aikinsa, ba a matsayin zaure ba.

Ƙofa ta uku ba a cika tunawa da ita ba alhali ita ce ta fi dacewa da yara da yawa. Ita ce ta masu digiri ko babbar difloma, wadda ake kira DSSC. Mutum ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, sannan ya nema. In an ɗauke shi sai ya yi horon wasu watanni a kwalejin Onne ya fito hafsa a fanninsa: likita, injiniya, lauya, akanta, malami, har limami. Amfaninta a bayyane yake. Yaro yana shiga ne da hankalinsa, ya san abin da yake zaɓa, kuma yana da takardar da zai koma kanta in aikin bai karɓe shi ba. Rauninta shi ne kuɗin jami'a na kan iyaye, ba kowace shekara ake neman kowane fanni ba, kuma jagorancin jiragen yaƙi da kujerun ƙoli galibi na 'yan NDA ne. Ga yaron da ya gwada NDA bai samu ba, shawarata kullum ita ce kada ya zauna a gida yana jiran baɗi har shekaru su ƙwace masa. Ya karɓi gurbin jami'a, ya zaɓi fannin da rundunar ke buƙata, ya riƙa motsa jiki. Ƙofar nan tana jiransa a gaba.

Yanzu maganar ƙawar Yaya, wadda ta ce an makara. Rundunar tana da makarantun sakandare a Ojo ta Legas, da Abekuta, da Ogbomosho, da Fatakwal, da Kalaba, da Okura a jihar Kogi. Makarantu ne masu tsari da ladabi, ana biyan kuɗi, kuma 'ya'yan farar hula suna shiga. Amma sakandare ce kamar kowace. Wanda ya gama ba soja ba ne, kuma ba a ajiye masa kujera a Afaka ba. Daban da su akwai makarantar soja ta yara da rundunar ta buɗe a Ikot Ntuen, jihar Akwa Ibom, a 2018, wadda ta yi kama da makarantar soja ta Zariya da aka kafa tun 1954, da ta sojan sama da ke Jos. A irin waɗannan yaro yana sa kaki, yana fareti, yana tashi da ɗabi'ar bariki tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Wanda ya fito nan ya shiga NDA ba zai sha wahalar shekarar farko kamar ɗan gida ba, wannan gaskiya ne. Sai dai shi ma dole ya rubuta jarrabawa ya tsaya gaban kwamiti kamar kowa.

A nan ra'ayina yana da ƙarfi, kuma na san wasu ba za su yarda da ni ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na yarda. Amma yaro ɗan sha ɗaya bai zaɓi komai ba, an zaɓa masa ne. Daga Kano ko Sakkwato zuwa Akwa Ibom tafiyar yini ce cur har da dare a mota, a hanyoyin da kowa ya san halinsu. Ranar ziyara ta zo ba ka da kuɗin mota, yaro yana tsaye yana kallon iyayen wasu suna buɗe kuloli. A shekarun nan ne ake sauke Alƙur'ani, ake koyon gaisuwa da zaman gida, harshe yake zama daram a baki. Wanda ya san yana da ɗan'uwa a kusa da makarantar, ko shi kansa ma'aikaci ne a yankin, lissafinsa daban. Wanda kuwa ladabi da tsari kawai yake nema wa ɗansa, akwai Zariya, akwai Jos, akwai makarantun sakandaren sojan ƙasa na Kwamand a Kaduna da wasu garuruwan Arewa, duk inda za ka iya zuwa ka dawo a rana ɗaya. Kuma babu ɗayansu da ke hana yaro zaɓen rundunar ruwa in ya isa shiga NDA. Ba a makara ba don yaro ya yi sakandaren gwamnati ta unguwa.

Sai Oron. Makarantar koyon aikin jiragen ruwa ta ƙasa da ke Oron a Akwa Ibom ita ce aka fi rikitawa da soja, domin ɗalibanta suna sa fararen kaya, suna fareti, ana kiransu kadet. Ba soja ba ne. Ma'aikatan jiragen kasuwanci take horarwa, masu tuƙa tankokin mai da jiragen kwantena da masu kula da injinansu. Ana biyan kuɗin makaranta, ana fita da difloma. Wanda ya yi nasara a wannan layi, ya samu takardar ƙwarewa ya hau jirgin ƙasashen waje, yana iya samun kuɗin da hafsan soja bai samu ba, kuma ba ya riƙe bindiga. Amma akwai wani tudu a tsakiya: takardar ƙwarewa ba ta samuwa sai ɗalibi ya yi watanni a kan jirgi a teku yana koyon aiki, kuma tun da kamfanin jiragen ruwa na ƙasa ya rushe a 1995 samun wannan gurbi ya zama babbar wahala ga ɗaliban Najeriya. Akwai waɗanda suka gama karatu suka yi shekaru suna neman jirgin da zai ɗauke su. Duk mai tunanin Oron, ko jami'ar harkokin teku da ke Okerenkoko a jihar Delta, ya fara tambayar yadda ɗansa zai samu jirgin koyon aiki kafin ya biya ko kwabo.

Da na gama baje wa Yaya waɗannan, sai na kira yaron na ce ya zauna. Na tambaye shi abu ɗaya: "A cikin ukun nan wanne kake so, kakin, ko tekun, ko albashin?" Ya yi jim, ya ce, "Kawu, ban gane ba." Na ce masa in tekun ne da jiragen, Oron ma za ta kai ka. In albashin ne da wuri don ka taimaki Umma, Onne ta fi kusa. In kuwa aikin sojan ne kansa, da ɗaukar nauyin mutane da ba da umarni, to Afaka ce, kuma ka sani sojan ruwa ba kullum yake kan ruwa ba. Wannan tambaya ita ce nake ganin kowane uba ya kamata ya yi, a kuma ba yaro kwana biyu kafin ya amsa. Da yawa fararen kayan nan da suke gani a hotunan fareti ne suka tafi da su.

Domin aikin ba hoto ba ne. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, kuma bayanta akwai dubban ƙoramu da surƙuƙin fadamun Neja Delta inda ake fama da ɓarayin ɗanyen mai da masu tace shi ta haramtacciyar hanya. Farmakin da rundunar ta ƙaddamar a kansu a Afrilun 2022 ma sunan Hausa aka sa masa, Dakatar Da Ɓarawo. A can cikin teku akwai 'yan fashin mashigin Gini. Manyan rundunonin suna Apapa da Kalaba da Yenagowa, don haka yawancin rayuwar aikin a Kudu za a yi ta, da ruwan sama da sauro da abincin da ba a saba ba. Masallaci da limami kam akwai su a barikoki, wannan kada ya dami kowa. Sannan aikin yana iya dawo da mutum Arewa ta inda bai zata ba: akwai sansani a Lakwaja inda Neja da Binuwai suka haɗu, akwai sansanin Tafkin Chadi a Baga, wanda ke tsakiyar yaƙi da 'yan ta'adda, garin da aka kai wa mummunan hari a Disamban 2018. Ko makarantar NDA kanta ba ta tsira ba, a ranar 24 ga Agustan 2021 'yan bindiga sun shiga Afaka suka kashe hafsoshi biyu suka sace ɗaya, wanda aka kuɓutar daga baya. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Uwa tana da haƙƙin ta san abin da take sa wa albarka.

Mutanen Kano kan tambaye ni game da kwalejin sojan ruwa da ke Dawakin Tofa, ko za a iya kai yaro can tunda ga ta a gida. Wannan kwaleji ta horar da waɗanda suka riga suka shiga aiki ce a fannin sayo kaya da adana su da rarraba su. Ba a ɗaukar sabon shiga a can.

Batun iyo kuwa, wanda shi ne ya fara ba Yaya dariya, bai kai yadda ake zato ba. Ana koyarwa a horo, kuma yaran Yawuri da Argungu da bakin Tafkin Chadi da suka tashi cikin kwalekwale sun fi wasu 'yan birnin Legas sanin ruwa. Amma rashin iya iyo daban, tsoron ruwa daban. Yaron da in ruwa ya kai masa ƙirji numfashinsa ke sarƙewa, gara a gano tun a gida. A kai shi wurin koyon iyo mai malami, ba kududdufi ba, a ga yadda zai yi a mako biyu.

Ga masu 'ya mace, NDA ta fara ɗaukar mata a babban kwas ɗin hafsoshi a 2011, kuma ana ɗaukarsu a sauran ƙofofin ma. Abin da gidan Bahaushe zai zauna ya tattauna da gaske shi ne aure, domin ɗaliba ba ta aure har ta gama, wato sai ta haura shekara ashirin da biyu ko da uku, daga nan kuma ba ita ke zaɓen garin da za a tura ta ba. Ga yarinyar da ta ƙudura kuma gida ya tsaya mata, hanya a buɗe take. Ga wadda ke son aikin amma ana son ta yi karatu kusa da gida tukuna, ƙofar masu digiri ta fi sauƙin haɗuwa da rayuwarmu, musamman a fannin likitanci da jinya.

Saura mutumin zaure. Wani maƙwabcinmu ya taɓa sayar da filinsa ya ba wani irinsa kuɗin, aka kawo masa takardar ɗaukar aiki mai tambari da sa hannu, ya sa ɗansa a mota har Fatakwal. A bakin ƙofa aka duba aka ce sunan ba ya cikin jeri. Lambar mutumin kuma ba ta sake shiga ba. Rundunar tana nanatawa a kowace sanarwa cewa neman shiga aikinta kyauta ne, kuma jerin sunayen waɗanda aka ɗauka a shafinta na intanet ake sakewa. NDA tana da kuɗin fom ƙayyadadde da ake biya ta hanyar da sanarwarta ta nuna, ba a hannun wani ba. Akwai kuma ƙungiyoyin da ke ɗinka wa matasa fararen kaya suna kiran kansu sojan ruwan kasuwanci suna karɓar kuɗin horo, rundunar ta sha gargaɗi a kansu. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa don gurbi, ka rufe zancen a nan.

Ɗan yayata ya dawo bayan kwana biyu ya ce Afaka yake so. Shekarar farko bai samu ba, sunansa ko a jerin masu jiran gurbi bai fito ba, ya yi kwana uku ba ya cin abincin kirki. Mahaifinsa ya ce ya karɓi gurbin da ya samu a jami'a, ya kuma sake gwadawa sau ɗaya. Ya riƙa tashi bayan sallar asuba yana gudu, ya koyi iyo, ya sake zama kan lissafi. A karo na biyu sunansa ya fito, a rundunar ruwa.

Daren tafiya Yaya ta zauna tana jera masa kaya tana duba takardar da makarantar ta bayar, ta ƙirga singileti, ta ƙirga safa, ta sake ƙirgawa. A ƙasan jakar ta cusa ledar dambun nama da ƙuli-ƙuli. Ya gani ya ce a hankali, "Umma, wannan ba ya cikin takardar." Ba ta tanka ba, ta ciro ledar ta miƙo mini. A mota muka ci tsakanin Kwanar Ɗangora da Zariya, shi ya fi kowa ci. Da muka isa, iyaye iyakarsu bakin ƙofa. Ya durƙusa gaban mahaifinsa, mahaifin ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka riƙe sallah." Ya juya wajen mahaifiyarsa. Ita kuwa ta kau da kai tana gyara mayafi kamar wani abu ya faɗa mata a ido, ta ce da ni, ba da shi ba, "Kawun yara, ka ce masa ya tafi, kada ya makara." Ya ɗauki jakarsa a ka. Wani soja ya daka tsawa, shi da sauran yaran suka shiga da gudu, muka tsaya muna kallo har kwana ta ɓoye su.